Rubutu Mai Launin Toka

Karatun bokona a aji huɗu ya tsaya, amma a Ƙofar Marke ni ne shehin malamin ruwan sama. Akwai wani shafi a intanet da 'yan sa kai sunka gina kyauta, kowa na iya sa hannu ya gyara, yana faɗin lokacin da ake sa ran ruwa. Manoman da ke kawo mini gero sukan zauna bakin rumfata in karanta musu a waya kafin su yi shuka. Har goro ake ba ni.

Sai ɗiyata ta fari, mai aiki a Sama Road, ta zama ita ce mai haɗa kan masu sake wa shafin fasali. Wata da watanni tana taro ta waya da mutanen da ba ta taɓa gani ba, wani a ƙasar sanyi, wani ko ina yake oho. Ranar da sunka saki sabon, farkon damina, na buɗe da tsakar rana, manoma sun kewaye ni. Fari fat! Baƙin rubutun nan mai kauri sun mai da shi siriri, launin toka. Cikin ranar Sakkwato ba abin da nake gani sai fuskata.

Na tusa kai cikin babbar riga ina karantawa, zufa na zuba. Wani ya ce, "Alhaji, turare kake yi ko duba?" Anka fashe da dariya.

Da ta dawo aiki na tare ta a zaure.

"Ke, wa ya ce ku taɓa shi? Ciwo ya yi?"

"Baba, an gwada fa, kowa ya ce ya yi kyau."

"A ina anka gwada?"

"A ofis."

"Ofis mai labule! Kin fito da shi rana?"

Can ta ce za a iya gyarawa, amma sai an tattauna an jefa ƙuri'a. Ƙuri'a, a kan idona! Na ce to ina tawa? Wai sai na yi rajista na rubuta ƙorafi da Turanci. Ni da na haife ta.

Suna can suna tattaunawa, ƙasa ta jiƙe, shuka ba ta jira. Manoma sunka koma wani shago mai duhu kamar rijiya, inda rubutun ke karantuwa, na wani tela, mutumin da kalma guda sai ya yi mata hawa uku. Kafin a mai da rubutun baƙi gero ya kai gwiwa, tela kuwa har ya sayi benci.