Mabuɗin Ɗakin Karyata

A bakin Komadugu na tsince ta, cikin kwalin sabulu, lokacin da kogin ya fara tsinkewa yana komawa tafki-tafki. Su uku ne a kwalin, biyu sun riga sun sandare. Ban sha wahalar gane abin da ya sa aka yar da su ba, don duka ukun mata ne. Haka ake yi a Diffa a wancan zamani, wajen ƙarshen shekarun casa'in, kuma ban ji an daina ba. Karya ta haihu, a zo a ɗaga ƴaƴan ɗaya bayan ɗaya a duba, mazan a rarraba, matan a kai su bakin ruwa a juya baya, wai an bar su ga Allah. Sai ka ce Allah ne ya ce a sakar wa uwarsu igiya.

Ni gyaran injin ban ruwa nake yi. Daga Damagaram muka zo, ni da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riga ni zuwa, ya kafa shago a kasuwa yana cinikin tattasai, shi ya kira ni, kuma shi ya tsaya mini a matsayin uba da zan yi aure. Na faɗi wannan ne don a san irin mutumin da ba na iya ɗaga wa murya. Ban da gyaran inji, ina da ƴar garka a bakin kogi inda nake noma tattasai, da ɗan ɗakin laka mai ƙofar kwano inda nake ajiye inji da tiyo. Can na kai ƴar karyar. Na raine ta da nonon akuya da sauran tuwo.

Ban sa mata suna ba, fito nake yi mata ta zo. Ja ce, siririya, mai farin ƙirji, irin karnukan nan na karkara da ba su da wani jiki. Amma akwai hankali. Tun tana wata biyar ta gane cewa akuya da tattasai ba sa shiri, ba mai tsallaka shingen nan ta bar shi. Idan na tada inji sai ta je ta kwanta a bakin kwalbatin da ruwa ke bi, tana cizon kumfa. Maƙwabcina na garka, wani dattijo Babarbare da nake ce wa Baba, yakan ce na samu ma'aikacin da ba ya neman goro.

Tana da wata takwas, ruwa ya cika kogi, kowa na fama da ban ruwa, na fara ganin ɗigon jini a inda take kwanciya. Bayanta ya kumbura, tana yawan lasa, tana fitsari nan da can. Kafin kwana biyu karnukan da ban taɓa sanin akwai su a duniya ba suka yi wa garkata sansani. Har da wani gurgu mai kunne ɗaya, wanda ko inuwarsa ba ya iya kora, shi ma ya zo neman sa'a.

Akwai wani likitan dabbobi da na taɓa gyara wa inji, sai na same shi na yi masa bayani. Ya ce mini lokacin barbararta ne ya zo, na farko. Ya ce, "Kada ka kuskura ka bari a hau ta bana. Ita kanta ba ta gama girma ba, ƙugunta bai buɗe ba. Ka bar wannan ya wuce, ka bar na gaba ma in ka iya. In ka tashi haɗa ta, ka nemi namiji daidai jikinta, kuma ka san inda za ka kai ƴaƴan tun kafin su zo." Ya ce in kulle ta sati uku cur. Ya kuma ja mini kunne a kan abu ɗaya, cewa wajen kwana na goma jinin zai tsinke ya yi fari-fari kamar ya ɗauke, mutane su zaci an gama, alhali a lokacin ne take tsayawa namiji. Ya maimaita mini wannan har sau biyu.

Na kwashe tiyo daga ɗakin inji, na shimfiɗa mata buhu, na sa kwanon ruwa, na sayi sabon kwaɗo na garƙame. Safe da yamma nakan fito da ita da igiya mu zaga, sanda a hannuna saboda masu zawarci. Garin nan ba abin da ban ji ba. Masu garka suka ce makanike ya sa karya kulle. Wani ya tambaye ni ko nawa ne sadakin. Na yi dariya tare da su, don dariya ba ta buɗe kwaɗo.

Yaya ne bai yi dariya ba. Ya zo garka da yamma, ya leƙa ta kafar ƙofa, sannan ya kawo zancen karen Ajidan. Ajidan wani tsohon soja ne daga yamma da ya ajiye kaki ya zauna a Diffa, yana da wani ƙaton kare baƙi-baƙi mai tsayayyun kunnuwa da ya zo da shi daga babban birni. Kansa kaɗai ya kai ƙwarya. Duk mai shago a kasuwa yana mafarkin samun jinin karen nan a ƙofar sitonsa. To ka san mu ba ma sayar da kare, ba ma sayensa, sai dai a roƙa a ba ka. Shi ya sa ɗan kwikwiyo mai asali ya zama abin yin alheri, kamar turare ko goron Sallah. Mai bayarwa ya yi suna, mai karɓa ya san an girmama shi.

Yaya ya ce, "Ka kai ta gidan Ajidan mana. Ga dama ta samu."

Na ce, "Yaya, yarinya ce. Likita ya ce ba bana ba. Kuma karen nan ya ninka ta biyu."

Ya ce, "Likita! Karnukan daji wane likita ke duba su? Haihuwa ai aikin karya ne."

Na ce ya yi haƙuri, ya ce to. Na ɗauki wannan "to" ɗin da gaske, wautata ke nan.

A kwana na tara aka aiko daga Chétimari, injina uku sun tsaya, tattasai na fure, in aka kwana huɗu ba ruwa mutane sun yi asarar shekara. Ba aikin da zan ƙi ba ne. Matata ba ta zuwa garka, ga goyo. Baba kuwa ya ce zai zuba mata abinci ta ƙasan ƙofa amma ba ya taɓa kare, alwalarsa ta fi masa. Wa ya rage? Na je shago na ciro mabuɗin daga aljihu na miƙa wa Yaya. Na faɗa masa komai, har zancen jinin da zai yi kamar ya ɗauke. Ya ce in tafi hankalina kwance. Da hannuna na ba kura ajiyar nama, ba wanda ya tilasta ni.

Kwana huɗu na yi. Da na dawo ko gida ban biya ba, na wuce garka da jakar kayan aiki a kafaɗa. Na tarar da ƙofar ɗakin a buɗe, karyata ɗaure a gindin bishiyar bedi tana kaɗa mini wutsiya. Baba yana gyara kwalbati, bai ɗago kai ba. Sai da na gaishe shi sau biyu ya ce, da irin Hausarsa, "Yayan naka ya zo da mota bashe, mai buɗaɗɗen baya. Babban kare a baya. Jiya ya zo, shekaranjiya ma ya zo. Ni na ce a jira ka, ya ce shi ne babba."

Ban san lokacin da na isa kasuwa ba. Yaya na zaune kan buhunan tattasai da abokansa, ana shan shayi. Na gaishe su, na roƙe shi ya taso mu koma gefe, don ko a cikin fushi ban iya tsinka shi a gaban mutane ba.

Na ce, "Yaya, me na yi maka?"

Ya ce, "Jinin ya tsaya, na ga ba amfanin a ci gaba da azabtar da dabba a ɗaki."

"Ai na faɗa maka zai yi haka. Kuma karen Ajidan da ƙafarsa ya hau mota?"

Sai ya daina kewaye-kewaye. Ya ce ya riga ya yi wa mutum biyar alkawari, manyan mutane, har da wanda ke ba shi sito. Tun ranar da ya leƙa ɗakin ya yi alkawarin, kafin ma ya yi mini magana. Ya ce alkawari kaya ne, ko so nake ya ji kunya a kasuwa saboda karya? Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Wallahi raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Mutum ya yi kyauta da abin da ba nasa ba, abin da ba a ma halitta ba, sannan ya juyo ya karanta maka karin magana. Ya raba ƴaƴa biyar, duka maza, daga cikin da ba a ɗauka ba tukuna. Ko cinikin biri a sama ai ana ganin birin. Amma me na ce? Na ce, "Allah ya kyauta." Na karɓi mabuɗina na tafi, kuma har yau ina jin haushin wannan "Allah ya kyauta" ɗin.

Na koma wajen likita ko akwai dabara. Ya ce ba shi da allurar da zai amince da ita, sai dai in ciyar da ita da kyau in sa ido. Na yi. Kan kifi, ƙashi daga mahauta, nono, ba abin da ban kai mata ba. Cikin ya fito ya yi mata yawa, tana tafiya ƙafafu a warwatse. Duk da haka in akuya ta doso shinge sai ta yunƙura ta tashi.

Bayan wata biyu, muna tsakiyar tsinkar tattasai, an shanya shi ja wur a fili, naƙuda ta kama ta da hantsi. Na farko ya fito da ƙyar wajen azahar, na biyu ya biyo baya. Daga nan abu ya tsaya. Tana nishi, tana yunƙuri, tana juyowa ta dube ni. Na hau keke na je neman likita, aka ce ya tafi rigakafin shanu wajen Mainé-Soroa, sai jibi. Na dawo na wanke hannu da sabulu na gwada da kaina. Yatsuna suka taɓa kan na ukun, na san ba zai wuce ba. Ni da nake kwance inji in haɗa shi ido rufe, na durƙusa a gaban dabbar nan ban da abin da zan iya. Na jiƙa tsumma ina ɗiga mata ruwa a baki. Haka muka wuni, muka kwana. Washegari bayan la'asar ta miƙe ƙafafu, ta daina.

Baba ne ya ajiye aikinsa ya ɗauko fartanya. Mutumin da ba ya taɓa kare, shi ya haƙa ramin a gindin bedin, ni na sa ta ciki. Muna cikin mayar da ƙasa sai ga Yaya, labarin haihuwa ya kai masa kasuwa. Ya yi sallama, ya dubi ramin, ya dubi kwalin da na sa ƴaƴan biyu a ciki.

Ya ce, "Maza nawa ne?"

Na ce, "Babu. Mata biyu ne."

Ya yi tsaki ya ce, "Kai, an yi asara." Na ɗaga kai na dube shi, ina fatan ramin yake nufi. Kwalin yake kallo. Sannan ya ce tunda ba uwa, kuma ba mai karɓar mace, gara in rage wa kaina wahala in kai su bakin kogi.

A ranar ce kaɗai a rayuwata na yi wa Yaya magana a tsaye, ido cikin ido. Na ce, "Yaya, daga can na ɗauko uwarsu. Ka fita mini daga garka." Baba ya sunkuyar da kai yana ta danna ƙasa da bayan fartanya. Yaya ya kaɗa riga ya tafi. Daga baya sai da matata da dattawan unguwa suka sa ni na je na ba shi haƙuri, don ƙane ne ke ba da haƙuri ko shi aka taka. Na bayar. Shi bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, kuma mutanensa biyar ba wanda ya zo ya tambayi ko mutuwa aka yi ko rayuwa.

Cikin ƴaƴan ɗaya ta mutu a kwana na uku. Ɗayar ta rayu da nonon akuya, ta girma ta fi uwarta jiki, baƙa-baƙa kamar ubanta. Da nata lokacin ya zo na kulle ta a ɗakin nan sati uku, aka aiko daga Gagamari inji ya lalace, na ce su ɗoro shi a amalanke su kawo mini garka. Shekara biyu ina haka. Da masu shago suka ga irin girmanta sai ga su suna sallama, wai in ta haihu a tuna da su. Nakan ce wanda ke so ya karɓi mace tukuna. Ba ka ga yadda layin ke watsewa ba.

Ni da Yaya muna nan, mun tsufa. Ina gaishe shi, muna cin tuwon Sallah a kwano ɗaya, ƴaƴana suna ce masa Baba. Amma wata shekara da zan tafi Damagaram jana'iza, ya miƙo hannu ya ce in bar masa mabuɗin gida ya riƙa dubawa. Na ce ya bar shi kawai, na riga na ba maƙwabci.