Ranar da Muka Yi wa Gwanjo Liƙi

Shekara tara na yi ina aikin jinya a Jidda, na ga abin dariya na ga na kuka, amma akwai wata yammacin Juma'a da ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina ba za ta fita daga raina ba. Har yau idan ta faɗo mini sai na ajiye abin da ke hannuna na yi dariya ta ishe ni.

A asibitin da nake aiki akwai wata dattijuwar likita 'yar ƙasarmu, kowa Mama yake ce mata. Ita ta tarbi yawancinmu ranar da muka sauka, ita ta koya mana yadda ake lallaɓa kafili, wato ubangidan da ya ɗauko mutum aiki, kuma a falonta muke buɗa-baki duk azumi. To a shekarar nan kwantiraginta ya ƙare, iƙamarta, wato takardar izinin zama, saura wata biyu, za ta koma gida ke nan ba dawowa.

Mama tana yawan ba mu labarin cewa tana budurwa ta yi karatu a Amurka, har ta shiga irin ƙungiyar nan ta 'yan matan jami'a, masu zama a gida ɗaya da haruffan Girkanci uku a bakin ƙofa. Mahaifinta ya rasu tana tsakiyar karatun, ta taho a gigice da jakar hannu kawai, ba ta sake komawa ba, a gida ta ƙarasa likitancin. Akwatinta da duk hotunanta can suka salwanta. Mace mai shekara sittin da ɗoriya ba ta da hoto ko ɗaya na 'yanmatancinta. Mu kuwa da rashin ta-ido mukan ce, "Mama, anya kin taɓa yin yarinta kuwa? Mu dai da farin gilashi muka san ki."

Ni mayyar gwanjo ce, tun ina Kano ba a raba ni da kasuwar 'yan gwanjo, da na zo Jidda sai cutar ta koma waya. Ina neman abin da za mu ba Mama na sallama, sai na rubuta sunan jami'arta a wani shafin gwanjo na intanet, ko zan samu ɗan kofi mai tambarinta. Ashe kasuwa ce guda ta kayan waɗannan ƙungiyoyi: bajojin maƙalawa a ƙirji, riguna, tutoci, kofuna. Ina ja ina ja sai ga wani tsohon hoto a firam, 'yan mata sun jeru cikin fararen kaya. A layi na biyu akwai guda ɗaya baƙa mai ɗaurin ɗankwali. Na buɗa hoton da yatsu biyu, na ga wushiryar Mama, na kurma ihu.

Abokiyar zamana a ɗakinmu na unguwar Bagdadiyya, wata Bazazzagiya mai aikin gwajin jini, ta fito daga banɗaki da kumfa a fuska. Ta kalli hoton, ta kalli haruffan Girkancin da ke jikinsa, ta dafe ƙirji. "Ke, ba 'yan ƙungiyar asiri ba ne? Mama fa?" Da ƙyar na fahimtar da ita cewa na can ba irin na jami'o'inmu ba ne, iyakarsu shan shayi da tara sadaka.

Muka sa Khala a cikin sirrin. Khala, wato inna da Larabci, dattijuwar Bahaushiya ce haifaffiyar Jidda mai gauraya Hausa da Larabci, ita ke yi mana waina da miyar taushe ran hutu. A unguwar Karantina aka haife ta, bayan an yi wa unguwar rusau ta koma ta Ammariyya, kuma a wannan tashin ne hotunan iyayenta suka ɓace. Da ta ji labarin sai idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Wallahi ya binti, wannan sura, hoton nan, sai ya zo gidan nan. Halas."

Za a rufe gwanjon ran Juma'a bayan la'asar. Na tara su na yi musu jawabi kamar mai neman ƙuri'a. Na ce akwai Turawa masu tara irin waɗannan kaya, ba za su bar mana shi a banza ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai kowa ta taimaka. Abin da nake nufi shi ne mu yi karo-karo daga baya. Abin da ban yi ba shi ne bayanin yadda gwanjon yake. A zatona kowa ya sani, tunda ni na sani.

Ranar na zauna gaban kwamfuta na ba su baya, su kuma suna kan kujera, ga faranti cike da waina. Saura minti goma na sa tayina. Shafin ba ya nuna sunan mai tayi, sai harafi ɗaya da taurari. Ban gama gyara zama ba wani ya ɗara ni. Na ƙara. Wani daban ya ɗara mu duka. Na ƙara. Kan ka ce kwabo abu ya zama tsere, mutum biyu sun sa ni a tsakiya, ko numfashi ba sa bari na yi.

Na fara zage-zage. "Wannan wane irin mara imani ne? Kakarsa ce a hoton?"

"Allah ya isa!" in ji Bazazzagiya daga bayana. "Ƙara musu, kada ki raga!"

"Yalla, yalla, zid, ƙara!" Khala tana buga ƙafa a ƙasa. "Muna bayanki, habibti!"

Wani irin daɗi ya kama ni, na ji kamar ni ce sarauniyar yaƙi. Ɗankwalina ya zame ban sani ba, ina tsalle a kan kujera, ina cusa waina a baki ina danna tayi da hannun mai. Farashi kuwa ya wuce inda na yi niyyar tsayawa tun tuni, ya kama hanyar inda ba na son tunawa.

Saura minti ɗaya na ji Khala ta ce, cikin jin daɗi, "Na sake liƙa musu. Ke 'yar Zariya, saura ke."

Na juyo a hankali. Kowaccensu da waya a hannu, shafin gwanjon a buɗe.

"Khala, me kike liƙawa?"

"Gudummawata mana. Ba kin ce kowa ta taimaka ba? Ke ki sa, ni in sa, ita ta sa, a haɗa ya yi yawa, Nasara ya ji tsoro."

Ashe su a ganinsu irin liƙin biki ne, duk abin da aka zuba a faranti ɗaya yake taruwa. Marasa imanin da nake ta tsine wa tun ɗazu suna bayana suna cin waina, har suna taya ni tsinuwar. Na ɗora hannu a ka na ce, "Kun kashe ni! Junanmu muke yaƙa! Kowa ta ajiye waya!"

Bazazzagiya ta yar da tata kamar ta ɗauki garwashi. Tayinmu ne a sama, saura daƙiƙa ashirin. Sai ga wani harafi da ban taɓa gani ba ya faɗo ya ɗara mu. Wannan shi ne abokin hamayyar gaskiya, yana laɓe tun farko yana kallon haukarmu. Na yi maza na danna, kwamfuta ta ce in sake shigar da lambar sirri. Kafin na gama aka rufe. Ja ya fito: an kayar da ni.

Na kifa kai a tebur na fashe da kuka, don a lokacin ba kuɗin nake tunawa ba, fuskar Mama nake gani. Can sai muryar Khala ta fito ƙasa-ƙasa. "Ya binti, esh hada, mene ne wannan? Tawa ta yi kore."

Khala ba ta ajiye waya ba. Ta ce ita ba a taɓa tsayar da ita tana tsakiyar liƙi ba, don haka ina fama da lambar sirri ta sake dannawa. Wannan taurin kan shi ya ci mana hoton. Na rangaɗa guɗar da ban san na iya ba, Bazazzagiya ta faɗo daga kujera tana dariya, Khala ta ɗaure gyale a ƙugu ta shiga rawa da farantin waina a ka. Maƙwabciyarmu Bamisriya ta buga ƙofa tana tambayar wa aka haifa. Da 'yan'uwa a asibiti suka ji labarin, bayan sun gama yi mana dariya, kowa ya kawo nasa aka rufa mana asiri.

Hoton ya iso saura kwana huɗu Mama ta tashi. Muka kai mata a falonta da ya koma fayau, sai akwatuna. Mun shirya tsokana iri-iri, muna jiran ta ga kanta. Ta sa gilashi, ta duba, amma ko kallon mai ɗankwalin ba ta yi ba. Yatsanta ya sauka kan wata siririyar Baturiya da ke gefenta. Ta juya firam ɗin, a baya an rubuta sunayensu layi-layi. Ta bi da yatsa har ta tsaya, ta karanta sunan sau biyu a fili.

"Ranar da aka ce mini Baba ya rasu," in ji ta, "wannan ce ta tuƙa ni awa shida cikin ƙanƙara zuwa filin jirgi. Ta cire rigar sanyinta ta sa mini. Na ce zan rubuto mata. Sunan mahaifinta ya ɓace mini, shekara arba'in da wani abu ina nemansa a kaina." Ta cire gilashin ta goge ido. "Ke mai gwanjo, wayar nan taki tana iya nemo mutum?"

Ba wadda ta iya tsokanar da ta shirya. Na zauna a kan akwati na fara rubuta sunan.

Daga ranar na koyi cewa idan za a yi aikin gayya, a fara nuna wa kowa gonar da za a nome. Na kuma koyi cewa ba ka sanin abin da mutum ya rasa sai ka miƙa masa ka ga inda idonsa ya fara sauka.