Linjilar da Kawu Mamman Ya Aike Ni Nema

Daga Dakoro

Da asuba na hau kamiyo, babbar motar gyaɗa mai zuwa Maraɗi, zamanin kwamandan Bature na nan Dakoro. Kawu Mamman, wan mahaifiyata, shi ya aike ni. Wani mai allurar shanu ya taɓa karanta masa labarin Annabi Isa, abin ya tsaya masa a rai, ga shi kuma yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya damƙa mini ƙwayar wake ɗaya, ya ce, "Ban son ji a bakin kowa. Biɗo mani littafin, wanda baƙin rubutunshi ya kai wagga girma, in duba da kaina tun ina gani."

Kornaka

Gardi, dogarin kwamanda, ya tsai da mu, ya juya takardata sama da ƙasa, ya ce, "Mi za ka saye Maraɗi?" Na ce littafi. Ya dube ni, ya dubi buhunan gyaɗa, ya ce wa direba, "Ku tahi, wanga bai da abin kamawa." Muka sha fura mai sanyi a bakin kasuwa, sannan mota ta kafe a rairayi, muka yi ta turi har la'asar. A Maraɗi na kwana zauren wani dillalin fata.

Tsibiri

Da hantsi na taka zuwa gidan mishan na garin Tsibiri, kusa da Maraɗi. Mai kula da littattafai, Malam Barmo, mutumin Gobir ne mai fara'a. Ya fara ajiye mini na Faransanci, mai bayani a gindin kowane shafi. Na ce Kawu ko "bonjur" bai iya ba. Ya ɗauko Littafi Mai Tsarki cikakke na boko, mai baƙin bango. Gaskiya raina ya biya, don irinsa ne mutum zai shiga gari da shi a hammata. Na ɗora waken a kai, sai ya rufe kalma guda ɗungum.

Malam Barmo ya yi dariya har da tafi. "Tsohon naka allo ya yi, ko lakwal ta boko?"

"Allo."

"To, mi ya kai mu nisa?" Ya jawo wata 'yar siririyar Linjila ta ajami, baƙaƙenta ɓaro-ɓaro. Na ɗan ji kunyar ƙanƙantarta, amma ita na ɗauka.

Komawa gida

Na tarar da Kawu a gindin aduwa. Na buɗe zan karanta masa, ya fizge. "Wa ya sa ka?" Ya juya wa rana baya, ya kai shafin kusa da hanci, ya ɗora yatsa daga dama, leɓensa na motsi. Can ya ɗago ya ce, "Ina gani, ɗana. Ban ce na yarda ba, ban ce na ƙiya ba, amma ina gani." Daɗi ya kama ni.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Kafin a yanke gero idon Kawu ya rufe gaba ɗaya, amma ya riga ya kai shafin ƙarshe.