Ɗumamen Tobiya

Ni da Tobiya benci ɗaya muka zauna a makarantar mishan. Ni na zama malami, shi ya koma Sunkani ya noma dawa da doya har ya yi furfura. Karin kumallonsa bai taɓa canzawa ba: ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka. Matarsa Rebeka ba ta surfa dawar sosai, takan bar dusa a ciki. Yakan buga cikinsa ya ce, "Malam Job, wannan agogo ne, ba ya latti."

Bayan rasuwar Rebeka, ɗansa Isaac ya ɗauko shi zuwa gidansa a unguwarmu, Mayo Gwoi. A asibiti aka ce yana da ciwon suga. Isaac mai son ubansa ne, shi ya sa ya tsorata. Ya hana doya, ya hana dawa, ya sayo garin alkama mai laushi na leda, domin a unguwa kowa cewa yake alkama ce abincin mai suga. Cikin Tobiya ya tsaya. Yakan yi kwanaki bai zagaya ba, ciki a kumbure, abinci ya fita daga ransa.

Jikata Murna nas ce. Ta bayyana mini cewa akwai ƙananan halittu a hanji masu taimakon mutum, abincinsu kuwa dusa ce da irin tuwon da ya kwana. In an yanke musu, hanji ya yi kasala. Ta ce a koma wurin likita a tambaya ko zai ci kaɗan. Na kai wa Isaac maganar.

"Baba, na gode," in ji shi. "Amma in sugan ya tashi, ni za a tambaya."

Ya nuna mini gwangwanin da ya sayo, na wani gari da ake damawa don gyaran ciki. Na sa tabarau na karanta. Dusar hatsi ce aka niƙa. Tobiya ya ɗanɗana sau ɗaya ya ture.

Ran Lahadi bayan sujada na sa aka yi ɗumame, na kai masa a ɓoye. Ya buɗe kwanon, ya shaƙi ƙamshin, ya daɗe yana kallo.

"Rufe, Malam," ya ce. "Yaron nan ya yi kuka a gabana, na yi masa alkawari. Kuma a gidansa nake."

Na zauna muka yi hirar gonarsa. Da na tashi tafiya ya miƙo mini kwanon, har yanzu da ɗuminsa.