Kiran Inna da Ban Amsa Ba

Mai girma edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatun wannan mujalla. Ni tsoho ne, hannuna yana rawa, ka yi haƙuri da rubutun. Kuma don Allah kada ka sa sunana. In ka kai ƙarshe za ka gane abin da ya sa ba na son ganinsa a takarda.

Lokacin da abin ya faru ni tafinta ne a biro, wato ofishin kumandan, a Filinge, zamanin da Nasara ke mulkin ƙasar Kurfai. Shekaruna ashirin da bakwai, ina da farar kwat mai maɓallan ƙarfe, ina da doki, ina da girman kai da ya fi dokin tsawo. Maganar Bature ba ta isa kunnen talaka sai ta bi ta bakina. Dattawa sa'o'in kakana suna tuɓe takalmi su gaishe ni, ni kuwa wawa na ɗauka ni suke girmamawa, ashe kwat ɗin suke tsoro. Mahaifina an tafi da shi dako bayan sojan Nasara ina ɗan shekara huɗu, Inna tana da cikin ƙanwata, bai dawo ba. Inna ce ta riƙe mu da sayar da fura a kasuwa, har aka kama ni aka kai lakwal, makarantar Nasara, na koyi Faransanci.

Ni ne ɗan farinta. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba, to bari in bayyana. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Kunya ke nan, kuma ita ce darajar mace. Inna ta fi kowa riƙon wannan. In za ta yi maganata sai ta ce wancan, ko mutumin naku. In wani mai irin sunana ya zo sayen fura, sai ta kira shi mai sunan wancan. Tuwona ta hannun ƙanwata yake isowa, kuma kullum tsokar da ta fi kyau tana ɓoye a ƙasan malmala, a nan kaɗai nake ganin ƙaunarta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ban kuma taɓa jin haushin haka ba, don haka na tarar ana yi.

Bayan an gama yankan gero ciwon kai ya soma kama ta. Da safe ya fi tsanani, har da amai. Ta ɗaure kanta da ƙyalle ta ci gaba da daka. Sai ludayi ya riƙa suɓuce mata daga hannun dama, sai ta nemi ta ce a miƙo mata ƙwarya kalmar ta ɓace mata, ta yi ta nuni da yatsa tana tsaki. Ƙanwata ta gaya mini sau biyu. Na aika wanzami ya yi mata ƙaho, na aika da rubutu, na koma harkar gabana. A ganina na yi abin da ɗa zai yi.

Wata ranar kasuwa kumandan ya fito zagaya, ina biye da shi, gardawa biyu, 'yan sandan Nasara, a bayanmu. Muna ratsa layin masu fura, sai Inna ta miƙe tsaye ta ƙwala mini kira. Sunana na yanka, cikakke, da ƙarfi, har sau uku. Wallahi kasuwar nan ta yi tsit. Mata suka rufe baki da gyale, wata ta yi salati, wasu samari suka tuntsire da dariya. Ita kuwa tana tsaye tana kallon fuskata kai tsaye, tana murmushi, hannunta ɗaya a miƙe. Kumandan ya waiwayo ya tambaye ni wace ce wannan. Na ce masa wata tsohuwa ce marar lafiya. Da Faransanci na faɗa, ba wanda ya ji sai ni da shi da Allah. Na wuce ban juya ba.

Da yamma na je gida na sauke wa ƙanwata kwandon faɗa, na ce kada ta sake barinta ta fita. Kawuna, yayan Inna, ya zo ya zaunar da ni. Ya ce wannan ba ƙanwarsa ba ce ke magana, don ita ko da wuƙa a wuya ba za ta yi wannan abin kunya ba. Iska ce ta shige ta, kuma iskar ni take nema, shi ya sa sunana take kira. Ya ja mini kunne cewa duk wanda ya amsa kiran iska ya ba da kansa, kada in kuskura in ce na'am. Ba zan ɗora wa kawu laifi ba, Allah ya ji ƙansa, abin da ya sani ya faɗa. Amma ni gaskiya maganarsa ta yi mini daɗi, don ta ba ni mafaka. Ba iska nake tsoro ba, dariyar kasuwa nake tsoro. Daga ranar duk sanda na sa ƙafa a gidan sai ta kira ni, ni kuwa in sunkuyar da kai in gaishe ta kamar ban ji ba, in tambayi ƙanwata ko ta ci abinci. Wata biyu muna haka.

Ran da ta faɗi a bakin turmi tana karkarwa, kumfa a bakinta, ranar na san abin ya wuce wasa. Allah ya sa lokotoron soja, wato likitansu, ya zo daga Yamai duba gardawa. Na roƙe shi, muka ɗauko ta a kan gadon kara mu huɗu zuwa ɗakin magani. Ya leƙa cikin idanunta da wani ɗan madubi, ya buga gwiwoyinta, ya sa ta matse yatsunsa. Sannan ya riƙa nuna mata abubuwa ta faɗi sunansu. Ya nuna cokali, ta kasa. Ya nuna zobe, ta kasa, hawaye suka cika mata ido. Sai ya nuna ni. Nan take ta faɗi sunana, tsaf, ba gargada. Lokotoro ya ajiye madubin ya yi mini bayani a hankali, da yake ni kaɗai ke jin harshensa. Ya ce wani ƙari ne ya tsiro a cikin ƙwaƙwalwarta ta gefen hagu, irin ciwon dajin nan mai saurin ci. Ba hauka ba ce. Zai riƙa cinye mata kalmomi ɗaya bayan ɗaya, sannan hannu da ƙafa, sannan rai, kuma da wuya ta ga ƙarshen damina. Masu iya buɗe kai suna can bakin teku, ko an tafi da ita ba za ta kai ba, ko ta kai ba lalle a ci nasara ba. Ya ba da wani ruwan magani na ɗigawa don rage zafi. Da zai fita ya dafa kafaɗata ya ce in ina da abin da zan gaya mata, ko ita za ta gaya mini, kada mu kai gobe.

Kawu da ƙanwata suka zuba mini ido, suna jiran tafinta ya yi aikinsa. Na buɗe baki na ce Bature ya ce zazzaɓi ne ya hau mata kai, in ta sha magani za ta warke. Ni da nake fassara maganar haraji da ta bulala ba tare da na rage ko harafi ba, na kasa fassara wannan. In na faɗi gaskiya, to na yarda ke nan wata biyu uwata ce da kanta ke kirana ina yi mata kunnen ƙashi. Ƙanwata ta yi hamdala har da guɗa ƙasa-ƙasa, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga nan na haukace da neman magani. Na sayar da dokina. Na je Bankuku da ƙafa wurin wani malami, na kwaso layu da rubutu cike da gora. Na ɗauko wani mai sakiya daga Damana, ya ɗora mata jan ƙarfe a gefen kai, ni na riƙe mata hannuwa, tana ihu tana kiran sunana, warin ƙonewar fata ya cika ɗakin, kuma na san sarai ba abin da zai yi mata. Na durƙusa gaban kumandan, ni da ban taɓa roƙonsa komai ba, na nemi ya bari a sa ta a motar da ke zuwa daga Yamai, ya ce motar ta hukuma ce, kuma ruwa ya yanke hanya. Ba ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba. Na yi komai, komai, ban da abu ɗaya da take nema, wanda ba ya bukatar doki ko mota. Kullum sai in ce zan amsa in mun kaɗaita. Kullum kuma da mai dubiya a ɗakin, ko kawu a bakin ƙofa da tasbaharsa. Rana ɗaya tak da hantsi na same ta ita kaɗai. Ta ɗago kai da ƙyar ta kira ni. Bakina ya buɗe, na rantse da Allah ya buɗe, amma shekara ashirin da bakwai na kunya suka fi ƙarfina, abin da ya fito gyaran murya ne. Na gyara mata mayafi na fita, na ce gobe.

Washegari aka ce kumandan zai fita rangadi har wajen Sanam. Da na ce uwata tana kwance da an nemi wani ya bi shi, akwai wani cikin gardawa mai jin Faransanci kaɗan-kaɗan. Ban ce ba. Na ji tsoron kada wani ya ɗana kujerata. Kwana tara muka yi.

Da na dawo ko kwat ban tuɓe ba na nufi gidan. Na shiga da sallama, na tsaya ina jiran kiran, don a hanya na yi wa Allah alkawari yau ko duk Filinge ta taru a ɗakin sai na amsa. Shiru. Tana kwance, gefen bakinta ya karkace, idanunta a kaina, leɓunanta suna motsi ba sauti. Ƙanwata ta ja ni bayan rumbu. Ta ce kwana huɗu na farko Inna ta yi ta kallon ƙofa tana kirana, sannan sunan ya gutsure ya koma rabi, sannan ya tafi gaba ɗaya. Na fashe da kuka na gaya mata abin da lokotoro ya faɗa tun farko. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce ai Inna ta riga mu sani. Tun bayan ranar kasuwar nan, wata safiya da kanta ya yi sauƙi, Inna ta gaya mata cewa ba iska ba ce, ta san abin da take yi, ta kuma san abin kunya ne. Inna ta ce kalmomi suna zube mata kamar ruwa a fasasshen tulu, ga kuma guda ɗaya da ta yi shekaru tana ajiya ba ta taɓa taɓawa ba, tana tsoron ta zube ita ma ba ta ji yadda take a baki ba, ba ta kuma ji an amsa mata ba. Ta hana ƙanwata gaya mini, wai kada a takura wa wancan, zai amsa da kansa.

Na koma ɗakin na durƙusa, na kama hannunta mai rai, na ce na'am Inna. Na sake cewa na'am. Kawu yana zaune, mata 'yan dubiya suna zaune, ban damu ba. Kwana goma sha ɗaya ina faɗa, safe da rana, duk sanda leɓenta ya motsa, har muryata ta dushe. Tana kallona. Ko tana ganewa, ko ciwon ya riga ya cinye ma'anar wannan kalmar ita ma, wallahi ban sani ba, kuma ba mai gaya mini. Ta cika wata safiya ana yayyafi, kafin gero ya fitar da kai.

Ban rubuto don in zagi al'adarmu ba. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka raine mu. Amma Inna da ta fi ni kunya sau dubu ta san ranar da ya kamata a ajiye ta, ni mai lakwal ban sani ba. Ku da iyayenku ke raye, in kun ga uwa ko uba sun soma abin da ba halinsu ba, suna mance kalma, suna kuka da kai kullum safe, kada ku yi saurin cewa hauka ko iska, ku kai su a duba tun da wuri. In likita ya gaya muku magana mai ɗaci, kada ku ɓoye wa 'yan'uwanku, su ma suna da abin da za su faɗa kafin lokaci ya ƙure. Ku nemi magani iyakar ƙarfinku, amma kada yawon neman magani ya zama hanyar gudun zama kusa da marar lafiya, don ni abin da na yi ke nan.

Yau na haura tamanin. A unguwarmu ana yi mini tsiya, wai tsohon nan ba ya bari a gama kiransa, tun an kama harafin farko ya ce na'am, ko ba shi ake nufi ba. Ina barinsu su yi dariyarsu. Ba su san ba su nake amsa wa ba.