Saƙon Yaya Sani a ƙasan fayil

'Yan uwa! Yau Yaya Sani ya yi min magana, shekara biyu bayan rasuwarsa.

Kun san shi ya tura ni guruf ɗin masu koyon rubuta manhaja, ya ce in riƙa gyara wa mutane aikinsu, da haka zan iya.

Ɗazu bayan azahar ina shago a unguwar Sharafiyya, sai wata sabuwar shiga guruf ɗin, Maman Hadiza, ta turo wani yanki na kod ɗinta, wato rubutun manhajar. Ta ce, "Don Allah a duba min, ya ƙi aiki." Na duba, an fara ƙirga daga ɗaya maimakon sifili. Minti biyar na gyara. Na ce, "Halas, an gama, gwada."

Ta ce, "Ya yi! Amma 'yar uwa, akwai rubutun Hausa a ƙasan fayil ɗin, ba ni na rubuta ba. Kwamfutar ta hannu ce na saya a unguwar Sa'alaba, a ciki na tarar da darussan da nake koyo da su."

Ta turo hoto. Innalillahi! Da sunana saƙon ya fara.

"Rabi, da gangan na ɓata wannan, nan kike yawan kuskure. Ran da kika gyara shi ba ki kira ni ba, kin iya."

Kwamfutar Yaya Sani ce! Wadda kafilinsa, wato ubangidansa na aiki, ya sayar kafin mu je Abhur, inda ya zauna, kwashe kayansa.

Na ce, "Darasi nawa ne?" Ta ce, "Talatin. Wannan ne na ƙarshe."

Ban kira shi ba, jama'a. Wallahi ban kira shi ba.