Tafiyarmu Kaduna da Kuza, da Shirun da Na Yi

Mun tashi daga unguwarmu Gangare, a Jos, ana idar da sallar asuba, sanyin ƙarshen damina yana ratsa riga. Mu huɗu ne: ni, da Baba maƙwabcina mai doki, da mahayin dokin, da direban babbar motar da muka ɗauko haya daga Laranto. Na biyar ɗinmu shi ne Kuza, dokin da aka yi tafiyar dominsa, yana tsaye a bodin katako cikin ciyawa yana hura hanci.

Ku da kuke taruwa a shagon ɗinkina ranar Juma'a da yamma don jin dokin da zai ci a filin sukuwa, kun san ni da baki. Ban yi nisa a makaranta ba. Abin da na sani game da tseren tsallake shinge, na tsinto shi ne wajen wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan mota a layinmu. Shi yake karanta mini labarin dawakin Ingila daga jarida, ni kuma in ƙara gishiri in faɗa muku kamar a can aka yanke cibiyata. Wannan karon ku ji labarin yadda yake.

Baba ya yi shekaru yana aikin kuza. Da ya bari, sai ya sayi wannan doki wajen manoman kan dutse, baƙi, gajere, mai faɗin ƙirji. Baba ba ya caca, bai taɓa yi ba. Son dokin kawai yake, shi yake wanke shi, shi yake yanko masa ciyawa. 'Ya'yansa kuwa sun gaji. Dawa ta yi tsada, suna cewa dokin yana cin abin da jikoki za su ci. Aka yi ta ja-in-ja har aka daidaita a gaban liman: a kai Kuza babbar sukuwar Kaduna, in ya shiga sahun ukun farko ya dawo gida, in bai shiga ba a sayar da shi a can. Baba ya amince, kuma shi ba ya magana biyu.

Tsere biyu ne Kuza zai iya shiga, na gudu zalla na gajerun dawaki, ko na tsallake. Baba ya zo har shago ya tambaye ni, ni kuma na zaɓa masa na tsallake. Dalilina shi ne kyarana. Duk wanda ya san ƙauyukan da ke kewaye da Jos ya san da kyarana manoma suke shinge gonakinsu, doguwa, ga ƙaya, ga ruwanta fari mai ƙona fata. A cikinta Kuza ya girma. Na sha ganinsa yana haye ta ko gashin cikinsa bai taɓa ba. Na cika Gangare da cewa dokin da ya tsallake kyarana, shingen Kaduna wasan yara ne a wajensa. Mutane suka yarda, har wasu suka cika ƙaramar mota suka riga mu tafiya don su sa kuɗinsu a kansa.

Muka bi hanyar Zariya. Direba yana tafiya a hankali saboda dokin, ƙananan motoci suna wuce mu suna hon. Da muka fara gangarowa daga kan tudu, duwatsun nan da muka saba gani suka fara ja da baya, gonakin dawa suka buɗe hagu da dama, zangarniya duk ta sunkuya. Kafin Jengre kowa ya cire rigar sanyinsa.

A wani shingen soja, wani kofur ya hau taya ya leƙa bodi, ya ga Kuza yana kallonsa.

"Oga direba, wannan fasinja, ina takarda nasa?"

Baba ya leƙo ta taga ya ce, "Ranka ya daɗe, tana bakinsa. Buɗe ka duba haƙoran, shekarunsa duk suna rubuce."

Kofur ya yi dariya har bindigarsa tana rawa a kafaɗa, ya ɗaga mana hannu muka wuce.

A Saminaka muka karya kumallo. Matan bakin tasha suna toya masa a tanda, da zafinta, da miyar taushe. Na ci ta sule biyu na ƙoshi, ko da yake yanzu kwabo ashirin ake cewa, bakinmu ne bai saba ba. Masara a can kamar kyauta, buhu ko rabin kuɗin Jos bai kai ba, direba ya ce a dawowa zai yi lodi. Baba bai zauna ba sai da ya nemo bokiti ya shayar da Kuza, ya tauna goro, ya ce ya ƙoshi. Daga Pambeguwa hanya ta lalace, rami bayan rami, mahayi ya koma bodi yana riƙe da ragama yana yi wa dokin magana. Mun shiga Kaduna bayan la'asar, zafi kamar an rufe mu da bargo. Mutumin Jos ba ya sanin gatan da Allah ya yi masa sai ya sauko.

Washegari da safe aka buɗe fili don gwaji. Filin ya ninka namu, ga rumfar manya mai bene, ga tagogin da ake yankar tikitin caca, ga lasifika. Baba ya tafi neman harawa, mahayi ya hau Kuza, ni kuwa na tsaya daf da shinge na farko. A nan na fara ganin shingen tseren tsallake da idona, bayan shekarun da na yi ina bayaninsa. Bai kai ƙuguna ba. Ƙananan rassa ne da ciyawa aka ɗaure a jikin katako, in doki ya taɓa samansa sai ya lanƙwashe. Dawakin da suka saba ba sa ma ɗaga jiki sosai, shafar samansa suke yi su wuce da gudunsu.

Sai ga Kuza. Yana isowa ya rage gudu, ya tattara ƙafafu, ya yi sama kamar zai haye katanga, ya dira a tsaye, sannan ya sake ɗaukar gudu. Haka ya yi a na biyu, haka a na uku. Shi a saninsa duk shinge kyarana ce, kuma wanda kyarana ta taɓa ƙona wa ciki ba ya wasa da ita. Masu kallo suna tafi saboda kyan tsallen, mahayi ma yana ta fara'a. Ni kuwa na ga abin da zai faru. A kowane shinge zai bar wa sauran tsawon doki biyu ko fiye, kuma shingen suna da yawa. A tsakanin shinge da shinge kuwa gudunsa ya fi na mafi yawan dawakin da na gani a wurin. A tseren gudu zalla yake da rabo.

Ba za a rufe damar sauya wa doki tsere ba sai azahar. Ina da lokaci.

Baba ya dawo da damin harawa a ka, ya sauke, ya share gumi.

"Tela, ka gan shi? Yaya ka gani?"

A bayansa ina hango mutanenmu na Gangare suna nuna ni ga baƙi, suna cewa ga malamin dawakin Jos. Na tuna abin da na yi ta faɗa a shago. In na ce a sauya, yau ɗin nan za su san ban taɓa ganin shingen ba.

Na ce, "Baba, ai ka ji tafin da ake yi."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Tunda kai ka gani, hankalina ya kwanta."

Ban tsaya a nan ba, kuma wannan ne ya fi yi mini nauyin rubutawa. Akwai wani jan doki na Kano da na ga yana shafar shinge yana wucewa kamar ruwa. Bayan azahar na zaga ta bayan rumfa, na je taga ta can ƙarshe inda babu ɗan Jos, na yanki tikiti a kansa.

Da yamma aka saki tseren. Ƙasa tana rawa, mutane suna ihu, masu gyaɗa da rake sun ajiye farantansu sun hau benci. Kuza ne a gaba har shinge na farko. Ya tashi sama, fili ya ɗauki sowa, kafin ya dira dawaki uku sun wuce shi. Ya kamo su a fili, a shinge na biyu suka sake barinsa. Haka aka yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare. Bai taɓa ko reshe ɗaya ba, ya shigo kusa da na ƙarshe, jikinsa duk kumfa. Jan dokin Kano ne ya ci.

Mutanenmu suka yi ta ba ni haƙuri, wai doki sai Allah. Baba kuwa ya nufi dokinsa. Ya cire sirdi da hannunsa, ya goge wa Kuza jiki, ya zaga da shi har numfashinsa ya daidaita. Wani dillali da ya ga tsallen ya biyo mu, ya ce akwai maigidansa mai gona a wajen gari da ke son irin wannan doki. Ba su ja ciniki ba. Baba ya roƙi abu ɗaya, ya ce kada a ba shi ruwa da zafin gudu a jikinsa. Ya miƙa ragama, ya juya, bai waiwaya ba. Ni kuma na zaga bayan rumfa na karɓi abin da na ci, na cusa a aljihun ciki.

Washegari da hantsi muka kamo hanyar gida. Motar ta yi sauƙi, direba yana gudu yana hira, mahayi yana gyangyaɗi. A Saminaka aka tsaya lodin masara, buhu bisa buhu a daidai inda Kuza ya tsaya shekaranjiya. Baba yana zaune a kan benci a gindin mangwaro. Na kai masa masa, ya ce in ci. Na zauna kusa da shi, na kasa kai hannu baki. Sai na faɗa masa duka, tun daga abin da na gani a gwaji har zuwa tagar ƙarshe. Na ciro kuɗin na ajiye a kan benci tsakaninmu, na ce ya haɗa da na hannunsa mu koma mu fanso dokin.

Baba ya dubi kuɗin.

"Tela, ɗauke abinka. Ni ban taɓa ciyar da shi da kuɗin caca ba, ba zan dawo da shi da su ba. Kuma na yi wa yara alkawari."

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe. Ko a gudu zallan ma wataƙila da bai ci ba, wannan Allah ya sani. Amma na tambaye ka, Tela. Da bakina na tambaye ka."

Direba ya yi hon, muka tashi.

Mun hau tudu da la'asar, iska mai sanyi ta tare mu, duwatsu suka sake fitowa. Muka sauke Baba a ƙofar gidansa. Jikokinsa suka rugo suna leƙen bodi, suka ga buhuna. Ya ɗauki sirdi da linzami a kafaɗa ya shige.

Na tafi Kaduna ina zaton jahilcina ne abin ɓoyewa. Ashe rashin sani bai yi wa kowa komai ba, domin ranar da na sani ɗin ce na yi ɓarnar. Sau ɗaya a rayuwata na karanta tsere daidai, sai na yi wa kaina amfani da shi, na bar dattijon da ya dogara da ni. Ku da kuka sa kuɗinku a kan Kuza saboda maganata, ku ma na san gaskiya tun da safe ban faɗa muku ba, ku zo shago kowa ya karɓi nasa daga abin da na ci, iya inda ya kai.

Ni da Baba har yanzu sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci. Ina gaishe shi, yana amsawa da sakin fuska, yana tambayar iyali. Amma tun da muka dawo bai ƙara tambayata yadda na ga wani abu ba, ko da hadari ne ya haɗo.